Ɗana yana aji uku amma hadda yake yi, ba karatu ba. Me za mu yi a gida?

Baban Habu, daga wajen Auyo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ɗana Habu shekararsa 9, yana aji uku a firamaren garinmu. Kullum in ya dawo sai ya buɗe littafi ya yi ta zuba ba gargada, ni kuwa ina ta murna har da sayen alewa. Ran Juma'a aka kawo mana katin ɗaurin aure daga Kafin Hausa, da Hausa aka rubuta shi tsaf. Na miƙa masa na ce ya karanta wa uwarsa. Yaron nan ya yi zuru, ko "ranar Asabar" ya kasa fitarwa. Na ɗauko littafinsa na ɗora yatsa a tsakiyar shafi na ce wannan fa? Sai ya koma layin farko ya faro. Ashe duk hadda ce.

Ban ga laifin malaminsu ba, ajin cike yake maƙil, wasu ma a ƙasa suke zama. Damuwata ita ce da an gama yankan shinkafa zan tafi ci-rani Legas. Uwarsa kuwa allo ta yi, har ta sauke, amma boko ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Me za a yi a gida wanda ba sai an kashe kuɗi ba?

Tsohon Hedimasta, Gumel:

Wa alaikumus salam. Baban Habu, ka gode wa Allah da katin nan ya tona asiri tun yanzu. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, na ga waɗanda suka kai aji shida a haka.

Da farko a ajiye littafin nan da ya haddace, a kuma bar waƙar "e, bi, si, di". Sunayen haruffan Turanci ne. Yaron da aka ce masa wannan "si" ce, yaya zai yi ya gane ita ce a farkon "ciki" da "cokali"? Ka fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, ya rubuta su da tsinke a ƙasa har su zauna. Sannan a ɗaura musu baƙi: ba, be, bi, bo, bu.

Ga abin da ban taɓa ganin ya ba da kunya ba. Ka nemi kwalin taliya a shago, ka yayyanka shi kamar girman kwalin ashana, kowane guntu ka rubuta gaɓa ɗaya: ka, ra, ma, ta, sa, na, fa. Ka ajiye biyu a kan tabarma, ka da ra, ya ce kara. Ka juya su, raka. Ma da ta, mata, a juya, tama. Ka da sa, kasa, a juya, saka. Har wanda ba shi da ma'ana ka haɗa masa, kamar "nafa" ko "rasata". Mai hadda a nan yake faɗuwa, domin ba abin da zai tuno, dole ya duba.

Masu ƙugiya sai daga baya, kuma bibbiyu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara, bata da ɓata. Ku riƙa yi bayan la'asar, minti 15 ya isa. Bulala kuma a rataye ta, yaron da jikinsa ke rawa ba ya ganin harafi.

Maman 'Yan Biyu, wajen Ɗambatta:

Malam, don Allah kada ka cire Maman Habu daga lissafi, ita ce ma za ta yi aikin. Ni ma ban yi boko ba. Awara da ƙuli-ƙuli nake yi a cikin gida, kuma bashi ya ishe ni, a ci a manta. Sai na sayi littafin rubutu mai rahusa na ba Hassana, na ce ke ce akawuna. Duk wanda aka aiko karɓar bashi ta rubuta sunan gidan da kuɗin. Da farko kamar kaza ta yi tono, ita kanta ba ta gane abin da ta rubuta. Da ta ga sau biyu an yi mana gardama kuma littafinta ne ya raba, ai sai ta fara gyara hannu da kanta. Yanzu har zubin adashinmu ita ke rubutawa.

Da dare kuma in na ce ga ta nan ga ta nanku, ba na kaiwa ƙurunƙus. Ina tsayawa daidai inda Gizo ya shiga uku, in ce gobe kowa ya rubuto mini yadda zai kuɓuta, ya karanta mini da bakinsa. Layi biyu ne, uku ne, ina karɓa. Usaini dai har yau Ƙoƙi yake kashewa, ban san me ta yi masa ba.

Gardi daga Ringim:

Allah gafarta Malam Hedimasta, abin da ka zayyana ai shi ne babbaƙu da farfaru na makarantar allo. Matar da ta san wasali bisa, wasali ƙasa da rufu'a, ta riga ta san ba, bi, bu. Siffar baƙin ce kawai ta sauya, kuma a boko daga hagu ake farawa. In Baban Habu ya zauna da ita mako biyu kafin tafiya, za ta riƙe yaron. Roƙona ɗaya: kada a yi wannan a allon karatunsa na Alƙur'ani. A samo wani katako daban a shafa masa gawayi, a sayi alli.

Ɗan Birni:

Ni a ganina ɓata lokaci ne. Jarrabawa da Turanci ake yi, a saka masa katun na Turanci a waya kawai.

Tsohon Hedimasta, Gumel:

Ɗana, haruffan ai kusan duk ɗaya ne. Wanda ya iya haɗa gaɓa a harshen da yake mafarki da shi, in ya zo Turanci kalmomi kawai zai nema. Wanda bai iya ba, can ma hadda zai yi. Kuma wayar ma za ta bi ubansa zuwa Legas.

Baban Habu, daga wajen Auyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana 12 da yanka kwali. Jiya a kan hanyar kasuwar Haɗejia ya tsayar da ni a bayan wata tifa, ya yi ta haɗawa a hankali har ya fitar da "Haƙuri maganin duniya", sai dai "hakuri" ya ce, ba mu kai masu ƙugiya ba. Uwarsa kuwa ta riga shi gane wasulan, har tana yi masa dariya, shi kuma yana fushi.

Saura matsala ɗaya, Baba Hedimasta: b da d. In na rubuta "dawa" sai ya ce "bawa". In bar shi zai ware da kansa, ko akwai dabara?