Shawarwarin likitoci kan sinadaran MMP da ciwon zuciya

Likitoci sun yi bayani kan MMP, wasu sinadarai da jiki ke samarwa masu narkar da kolajin (furotin da ke riƙe nama) domin jiki ya sabunta nama. Suna da amfani, amma in suka yi yawa, musamman MMP-9, sukan cinye murfin kitsen da ya taru a jijiyar jini. Da ya fashe sai jini ya daskare, jijiyar zuciya ta toshe.

Shawararsu: a bar taba, a riƙa auna hawan jini, mai shan statin, maganin rage kitsen jini, kada ya yanke, domin yana taimaka wa murfin. Doxycycline kuwa, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da yake yana danne MMP, gwajin Amurka na 2020 bai nuna yana hana kumburin babbar jijiyar jini ta ciki ƙaruwa ba. Kada kowa ya ruga kemis saboda shi.