Rabin kilon dankalin turawa, kofi nawa ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu girki. Don Allah a taimaka mini. An ba ni aikin samosa na sunan ƙanwata a Ƙofar Ƙaura, Katsina, kuma tsarin girkin ya ce dankalin turawa giram 500. Ba ni da sikeli, sai kofin awo mai cin mililita 240, ga shi a kasuwa kashi-kashi ake sayar mana da dankalin Jos.

Na ji cewa ɗanyen dankali yankakke ƙanana, kofi ɗaya kusan giram 150 ne, wato kofi uku da ɗan ɗori. To amma nawa dafaffe ne da zan murmushe, kuma murmusasshe ya fi danƙarewa a kofi. Kofi nawa zan auna? Sannan nauyin nan da ɓawo ake nufi, ko bayan an fere?