Baba ya bar Faransanci da Zabarmanci, ya koma Hausar ƙauyensu: wa ya taɓa ganin haka?

Maman Biyu, Yamai: Salamu alaikum 'yan uwa. Babanmu shekara talatin da wani abu yana aikin gwamnati nan Yamai, Faransanci kamar ruwa, Zabarmanci kuwa har ya fi mu. To tun da gigin tsufa ya kama shi bara, in ka yi mishi magana da Faransanci sai ya tsaya yana kallonka kamar baƙo. Adaranci kawai yake yi yanzu, irin na can wajen Buza inda aka haife shi, har da kalmomin da ni ban taɓa ji ba wallahi. Abin da ya fi damuna jikokinshi, su Zabarmanci da Faransancin lakwal suka iya, su zo gaishe shi ba ya gane su ba su gane shi, sai su gudu. Akwai wanda ya ga irin haka?

Ɗan Adar: Allah shi ba Baba lafiya hajiya. Kakata ce ta yi mana haka a Tawa, ita Bafulatana ce da aka auro tana ƙarama, shekaru sama da hamsin ba mu ji ta yi Fulatanci ba sai in tana faɗa, amma shekara biyu na ƙarshe shi kaɗai take yi. Mutanen unguwa har cewa suka yi iska ne, aka yi ta turare da rubutu, kuɗi sun tafi. Ƙarshe wata mai kawo mana nono ce ta zama tafinta, in ta zo ta zauna kusa da ita suna hira sai ka ga tsohuwa ta ci tuwo har da dariya, mu kuwa da cokali mun yi ta fama ta ƙi.

Infirmiye: Ba iska ba ne, sananne ne ga masu harshe biyu, harshen da aka koya daga baya shi ke fara zubewa, na nonon uwa shi ke saura. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da cutar gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu da masu matsakaicin ƙarfi, kuma mafi yawa nau'in Alzheimer ne. Wani abin mamaki, binciken da aka yi a Hyderabad ta Indiya a 2013 kan mutum 648 ya nuna masu harshe biyu alamun cutar na jinkirta musu wajen shekara huɗu da rabi, har da waɗanda ba su taɓa shiga lakwal ba. Amma ni abin da ke ba ni haushi wurin aiki shi ne gwajin da ake yi, a tambayi tsoho yau nawa ga wata, ko ya cire 7 daga 100, da Faransanci kuma. Mutumin da da damina da watan azumi yake lissafi ai faɗuwa zai yi ko lafiyarshi lau. In za ku kai shi gidan likita ku tafi da wanda ya iya Adarancin sosai, kuma a duba kunnenshi, wani lokaci rashin ji ne ke ƙara ruɗa su.

Maman Biyu: Marsi ƙwarai, kunnen ba mu taɓa tunani ba.

Inna Uwa: 'Yata ki daina tambayarshi ka gane ni? wace ce ni? Na yi ma mijina haka har ya riƙa kuka. Ki faɗi sunanki da kanki, ki zauna gabanshi ya ga fuskarki, magana ɗaya-ɗaya. In ya ce zai tafi gona kar ki ce ai babu gona, ki ce hatsin ya yi kyau bana? Nawa har ya rasu bai manta Fatiha ba, sunana kuwa ya tafi tun tuni.

Mushe na jardan: Ni ta wajen jikokin zan shigo, yara nake koyarwa. Iyaye da yawa nan Yamai sun hana Hausa a gida wai kar ta ɓata ma yaro Faransanci, alhali harshe biyu ba ya ruɗa yaro, cakuɗawar da suke yi suna ƙanana tana wucewa. A Amurka a 2003 an gwada jarirai 'yan wata tara da Sinanci, waɗanda mutum ya zauna da su sun kama sautukan, waɗanda aka kunna ma bidiyo ba su kama komai ba. Kenan miƙa ma yaro portabul ba hira ba ce. Ɗana da ya yi jinkirin baki, hutun da ya yi wurin kakarshi a Madawa tana mishi tatsuniya tana tanka duk gwarancinshi, ya dawo ba ya shiru.

Maman Biyu: Jiya na sa ƙaramar ta ce mishi gatanan gatananku, sai ya ɗago kai ya ce ta zo mu ji ta, shi ya ƙarasa ba da ta gizo da ƙoƙi, rabi ba daidai ba amma yarinyar ba ta gudu ba. Ɗan Adar don Allah mi ake nufi da kalmomin nan da yake ta maimaitawa, bari in ɗauko muryarshi in turo maka.