Jama'a, me za mu kira strawberry da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Sanyi ya shigo, sitiroberi ya fara fitowa daga ƙauyen Chaha can wajen Vom kusa da Jos, kuma kullum idan za mu yi tallarsa da Hausa sai mu tsaya cak a kan sunan, wani ya rubuta da turanci wani ya ce jan abin nan mai ƙuraje. Ga kuma baƙin Abuja da ke tasowa ƙarshen mako, su biyo ta Keffi da Akwanga su hau dutse don kawai su shiga gona su tsinka da hannunsu, shi ma wannan yawon ba shi da suna. Abu biyu ke nan nake nema, dan Allah masana ku taimaka.

Malamin Larabci daga Anguwan Rogo:
Wa alaikumus salam. Ɗana ai ba sai an wahala ba, Larabawa farawla suke cewa, Misira ma suna nomansa sosai har su fitar waje. Tuffa da inabi da rumman duk daga can muka aro su kuma sun zauna daram a bakinmu, to me zai hana farawla?

Wani ɗalibi a jami'a:
Allah gafarta Malam, ni da za a bi tawa kanyar turawa za a ce, tunda ga dankalin turawa nan mu ne ma muke nomansa a Bokkos da Mangu kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi. Dama abin nasu ne, a Faransa aka samar da irin da ake nomawa yanzu wajen shekarun 1750, aka haɗa wani iri na Arewacin Amurka da wani na ƙasar Chile.

Hajiya mai kayan lambu a Farin Gada:
Kai yaro ka taɓa riƙe shi kuwa? Kanya bishiya ce, ƙwallonta na ciki, ka zuba a aljihu ka yini da ita ba abin da zai same ta. Wannan a ƙasa yake yaɗo, 'ya'yan ma a bayan fata suke ɗigo-ɗigo, kuma ba a kama jikinsa, ta wutsiya ake tsinkewa a bar masa koriyar hular nan tasa, da sassafe kafin rana ta yi zafi, in ka matsa da yatsa kaɗan zuwa yamma wurin ya yi laushi ya fara ruwa, kwana biyu uku babu firij ya yi furfura sai zubarwa. Ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi, ba kamar mangwaro ba da za ka ajiye ya nuna, shi ya sa dole sai ya yi ja sosai a gona sannan a fara tsere da mota. Kar ma ka wanke sai za ka ci. Malam kuma ka yi haƙuri, in na ɗaga roba na ce farawla wallahi ba mai juyowa, sitiroberi kowa ke cewa, daga matan da ke kawo mana har mai saye.

Mai tambaya:
Hajiya kin gama magana gaskiya. Ni ma da na duba, duk kayan lambun da sanyin Jos ya riƙe, garin da ke sama da mita 1,200, da sunansu na aro suka zauna, karas, kabeji, latas, ba wanda ya kira taro a kansu, kasuwa ce ta lanƙwasa su. Tuffa da inabi ta hanyar karatu da littattafai suka shigo tun da daɗewa, wannan kuwa ta gona ya shigo. Kanyar turawa kuma zai sa baƙo ya zo yana ɗaga kai yana neman bishiya. Saura rubutun kawai, ina ganin sitiroberi, tunda harshenmu ba ya son baƙaƙe uku a jere ba wasali.

Malamin Larabci:
To na sallama, amma a littafin yara a riƙa ambaton farawla ko sau ɗaya. Shi kuma yawon, kar wanda ya ce girbi, girbi na hatsi ne. Roro kuma na wake.

Hajiya:
Yawon tsinka mana Malam. A allon bakin gona kuma a rubuta tsinki da kanka, a auna maka a kilo ka biya. Sai dai a ƙara a ƙasa cewa a bi ta kwarin kunya, don masu ɗaukar hoton nan sun fi akuya ɓarna.

Mai tambaya:
Shikenan, sitiroberi da yawon tsinka. Mai zuwa ya zo tsakanin Disamba da Maris, ya taho da rigar sanyi da kula mai ƙanƙara in har Abuja zai koma da shi.