Neman kalmar Hausa: me za mu kira "procurement"?

Injiniyar Lantarki: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan yi wa ɗaliban wata sakandaren 'yan mata bayanin aikina, kuma da Hausa ake so. Injiniyancin lantarki na karanta, shekara 5 a jami'a, amma yanzu ina sashen procurement. Me zan ce musu ina yi? "Sayayya" ta yi mini kaɗan. Kwanan baya mun nemi tiransifoma mai ƙarfin 500kVA, wani ɗan kwangila ya rubuto mai 300 da farashi mai sauƙi. Da ban san karatun takardar ba, da shi za a ba. Wannan aikin nake so su gane.

Tsohon Mai Sito: Wa alaikumus salam. Ki ce "sashen sayen kaya". Haka muka taso muna ji a ofis.

Dan Jarida: A labarai mukan kira BPP hukumar kula da ba da kwangilolin gwamnati. Dokar 2007 da ta kafa ta ta haɗa kaya da ayyukan gini da hidimomi, don haka "sayen kaya" kaɗai ya bar biyu a baya.

Malamin Hausa: Kwangila ai aro ce daga Turanci. Muna da "cefane". Ana lissafa abin da ake buƙata, a zaga kasuwa, a taya, a kawo canji. Cefanen ma'aikata. Me ya rage?

Injiniyar Lantarki: Malam, Allah Ya ƙara ilimi, amma ba zan iya ba. Da na bar aikin fili, kawuna cewa ya yi na karanta injiniyanci na ƙare 'yar aike. Har yau abin yana mini ciwo. In na ce "cefane" gaban yaran nan, tattasai da albasa za su gani.

Malamin Hausa: 'Yata, raina cefane raina aikin iyayenmu ne. Kalmar Turanci ce kawai ke da girma a kunnenmu?

Tsohon Mai Sito: Malam, "injiniya" da "sito" da "ofis" fa? Duk mu mayar musu?

Dan Jarida: Mai cefane shi yake zaɓar wurin wanda zai saya. A nan kuwa sai an tallata a jarida, a rufe takardun masu nema, a buɗe su a bainar jama'a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da mafi ƙarancin farashi. Bambancin ke nan.

Injiniyar Lantarki: To zan ce "sashen sayen kaya da ba da kwangila", ni kuma "jami'ar tantance kaya da 'yan kwangila". Sai in ba su labarin tiransifomar.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, jimla ce ba kalma ba. Amma ki je da shi Alhamis. Ni dai a ajina cefane zan ci gaba da cewa.