Musayar Waƙa Kan Tsofaffin Bargunan Ƙyallaye

Hajiya Mai Allura:

Salamu alaikum. Zancen yau kan tsofaffin bargunan ƙyallaye ne, irin waɗanda matan Amurka suka ɗinka, masu tara kayan tarihi ke nema yanzu. Na buɗe da amsa-amon "ba", kowa ya zo da nasa.

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda bai bar mu cikin duhu ba.
Bargon ƙyallaye hawa uku ne,
In babu ɗaya, bai cika bargo ba.
Akwai fuska, ƙyallaye a harhaɗe,
Da cikon auduga da ido bai gani ba.
Sai shafi a baya, zare ya bi su,
Ya ratsa ukun, bai tsallake ɗaya ba.
Takun allura in ya kai goma a inci,
'Yar koyo ba ta yi shi ba.
To ga tambayata ga masana:
Bargon da bai zo da takarda ba,
Dillali ya ce ya shekara ɗari biyu,
Da me za mu gane bai yi ƙari ba?

Malam Ɗan Marina:

Hajiya, ki tambayi launi tukuna,
Shi ba ya iya ɓoyewa.
Ƙyallen da ya fi duka sabunta,
Shi ke yanke lokacin ɗinkawa.
Mace kan adana ƙyalle tun tana amarya,
Sai da jikoki ta zo harhaɗawa,
Don haka tsohon ƙyalle shi kaɗai
Ba hujja ba ne na daɗewa.
A 1856 rinin sinadari ya fito,
A Ingila, Perkin ne mai ganowa.
Shunayya mai haske irin tasa,
Kafin nan babu ta a kasuwa.
Koren da, rini biyu ake masa,
Shuɗi a kan ruwan ɗorawa.
In ɗorawar ta gudu ta bar shuɗin,
Ganye ya yi shuɗi, alamar tsufa mai gamsarwa.
Koren sinadari na ƙarshen ƙarni na 19,
Ruwan ƙasa yake komawa.
In kin ga jan fure da ganye ƙasa-ƙasa,
Kore ne da ya sha koɗewa.
Ja kuwa, wanda ake ce wa jan Turkiyya,
Ba ya zuba wurin wankewa,
Sai dai ya yi fari-fari a sama,
A inda ya sha gogawa.

Baba Tela:

Malam, ka yi launi ka bar mana zare,
Bari tela ya yi maganar ɗinki.
Singer ya fito da kekensa a 1851,
Daga nan keke ya soma shiga ɗaki.
In taku ya zo daidai wa daida,
Zare biyu, sama da ƙasa, sun kama jiki,
To keke ne, kuma wannan bargo
Bai girmi keke ba, a ja birki.
A duba kalmasar gefe da kyau,
Bargo na fara cinyewa ne daga baki.
Sau da yawa an sake ta daga baya,
Tsakiyar bargo ce shaidar kirki.
Ɗaga shi ga haske ka leƙa ciko,
Ɗigon gurya kan bayyana a ciki.
Dillalai kan ce ya girmi injin gurza
Na 1793, zancen da ke sa ni tsaki.
Matan kudancin Amurka har cikin ƙarni na 20
Na gyara audugarsu da hannu a ɗaki.
Cikon roba mai tashi in an matsa,
Sai bayan 1950 ya shigo aiki.

Hajiya Mai Allura:

Baba, Allah ya ƙara lafiya,
Amma ba ka taɓo siliki ba.
Bargunan barkatai na shekarun 1880,
Yankan da bai bi wani tsari ba,
Karammiski lafiya, siliki a tsattsage,
Alhali ko rufa da su ba a yi ba.

Uwar Adaka:

Yaya, ciwon daga masana'anta ne,
Tun kafin mai ɗinki ta saya.
Da awon nauyi ake cinikin siliki,
Sai aka nemo masa hanya:
A jiƙa shi da gishirin kuza,
Ya yi nauyi, ya yi cikar ƙarya.
Gishirin ke cin zare a hankali,
Ya farfashe ɗaya bayan ɗaya.
Wannan ciwo ba shi da magani,
Sai dai a rage masa wuya.
Baƙi da ruwan ƙasa na auduga ma,
Ƙarfe aka sa don rini ya tsaya.
Shi ya sa rami ke bin zanen fure,
Sauran ƙyallen na nan lafiya.
Kar a farke mataccen ƙyalle a sa sabo,
An kashe shaida gaba ɗaya.
Lallausar raga mai shara-shara,
Mai launi kusa da nasa za a saya,
A shimfiɗa a kai, a kama gefe,
A bi tsohon ɗinki, ban da huda tsakiya.
Mai zuwa gobe in ya warware ta,
Zai tarar da asalin kaya.

Malam Ɗan Marina:

Saura wanki, nan aka fi asara,
Son tsabta ne ke jawo ɓatawa.
Siliki da ulu ban da ruwa sam,
Ƙura kawai ake zuƙewa:
A ɗora raga, a rage ƙarfin inji,
Bakinsa a sama, ban da gogawa.
Na auduga, in dole ta kama,
Kowane launi sai da gwadawa.
Ɗiga ruwa, danna farin ƙyalle,
Ka ɗan jira kafin ɗagawa.
In launi ya fito ko da ɗis ne,
An rufe zancen wankewa.
In bai fito ba, ruwan sanyi a baho,
Zanen gado a ƙasa don tallafawa.
Ban da bilic, ban da cuɗa,
Tafin hannu ne ke dannawa.
A ɗauraye har kumfa ta ƙare,
Ban da murɗa wurin matsewa.
Jiƙaƙƙen bargo nauyi gare shi,
A igiya zarensa ke tsinkewa.
Da zanen nan za a ɗauko shi,
A shanya shi kwance a inuwa.

Uwar Adaka:

Na karɓa, Malam, Allah ya saka,
Ga abin da ya shafi ajiya.
Leda na tsare laima, fumfuna ta tsiro,
Katako tsirara na barin tabo rawaya.
Wankakken akoko za a naɗe shi ciki,
Iska na ratsa shi lafiya.
A cusa nannaɗen ƙyalle a bakin ninki,
Kaifin ninki ke jawo karaya.
Duk wata uku zuwa shida a buɗe,
A sauya layin ninki, a juya.
Laimar ɗaki ta tsaya kusan kashi 50,
Hasken rana a tare masa hanya.
In asu ya shiga ulu, leda ta yi rana,
A ɗaure ta tam gaba ɗaya.
Mako guda a firiza, digiri 20 ƙasa da sifili,
Ya kashe tsutsa har da ƙwaya.
Kwana ɗaya a waje kafin a kwance,
Raɓa ta tsaya kan leda, ta bar kaya.
Mai son ratayewa, ban da ƙusa,
A ɗinka aljihun santimita 10 a baya,
Sanda ta ratsa ta ɗauki nauyin,
Bayan wata shida ya koma ajiya.

Hajiya Mai Allura:

Ƙanwata, ki ƙara da rubutu.
Jane Stickle, Ba'amurkiya mai ɗinki, ba ta bar mu da gardama ba:
A bargonta ta sa suna, ta sa 1863,
Da ƙyalle 5,602, ba ta rage ɗaya ba.
Abin da aka sani a rubuta a ɗan akoko,
A ɗinka a shafi, a can ba a fuska ba.

Baba Tela:

Hajiya, goma a inci da kika ce,
Akwai kyan da ya wuce ƙidayar ɗinki.
Matan ƙauyen Gee's Bend da ke Alabama ta Amurka,
Baƙar fata, jikokin bayin gonaki,
Da tsofaffin wanduna suka yi nasu,
Masu shatar gwiwa da gumin aiki.
Taku manya, layi a karkace,
A 2002 aka baje su, aka yi mamaki.
Mu ma nan akwai na kula da shi,
Ga lifidi can a gidan sarki.
Ƙyalle da ciko da shafi ne shi ma,
Kariyar mahayi da ta doki.
Audugar rimi aka fi cusa masa,
In ta tsufa gari take zama a ciki.
Ba ta son ninki, ba ta son wuta,
Kwance za a ajiye shi a ɗaki.
Gishirin gumi na jan laimar damina,
A sha masa iska bayan hawan sarki.
A ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango,
Ta nan gara ke shigowa ɗaki.