Dashkam na shanye min batir in na faka mota, a bolt nawa zan saita ta?

Abban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin lantarkin mota ku taimaka min. Ina da Corolla 2010, kwanakin baya wani mai adaidaita ya goge min gefen ƙofa a inda nake fakawa bakin kasuwa ya ƙara gaba abinsa kowa ya ce bai gani ba, shi ne na sayi dashkam, wato kyamarar mota, mai ɗaukar gaba da baya. Da farko a soket ɗin sigari na jona ta, to ita Corolla da ka kashe makulli soket ɗin ya mutu kyamara ma ta mutu, ka ga abin da na saye ta dominsa bai samu ba kenan. Sai na kai wa wani riwaya ya jona min ita kai tsaye da batir. Yanzu tana ɗauka dare da rana amma in motar ta kwana biyu ba a tayar ba kamar Asabar da Lahadi, ranar Litinin kik da ƙyar yake ja, wani zubin ma sai maƙwabcina ya kawo waya mun jona da tasa. Na sayi 'yar mitar nan da ake sokawa a soket, da safe tana nuna 12.1, in inji na aiki 14.2. Batirin 62Ah ne (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne), ya kusa shekara biyu. To batirin ne ya gaji ko kyamarar ce ke kashe shi? Kuma na ga akwai wata waya da take yanke wa kyamara wuta da kanta in batir ya sauka zuwa bolt ɗin da aka saita, ana zaɓar 11.8 ko 12.0 ko 12.2 ko 12.4, wanne ya kamata in sa?

Usta_Riwaya_Kofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. 14.2 ɗin nan labari ne mai daɗi, alternato ɗinka, wato abin da ke yi wa batir caji, lafiyarsa lau, duk abin da ya faɗa tsakanin 13.7 zuwa 14.7 inji na aiki caji na shiga. Matsalar tana wajen aikin da aka yi maka, wanda ya jona kyamara kai tsaye a kan batir ba abin yankewa wlh bai kyauta maka ba, kuma ina jin ko fis bai sa ba, ka duba. Waya ce ta bi ta cikin dashbod ba fis, ranar da ta goge ta taɓa bodi sai dai ka ji ƙauri.

Mutane suna jin an ce batir 12 ne sai su ɗauka in mita ta nuna 12.0 to ya cika, ba haka ba ne. Cikakken batir in ya huta 12.6 zuwa 12.7 yake nunawa. 12.4 kusan kashi uku cikin huɗu ne ya rage a ciki, 12.2 rabi, 12.0 kuwa kwata ne ya rage. To ka ga 12.1 ɗinka ƙasa da rabi ne. Amma fa mitar soket sai ka murɗa makulli take kawowa, lokacin rediyo da fitilun dashbod sun riga sun fara ja, tana iya rage maka kaɗan. Ka samu mita ta hannu ka buɗe bonet da asuba kafin ka taɓa makulli ka ɗora a kan batir ɗin kansa. Kar ka auna da ka kashe mota, a lokacin zai nuna maka 12.9 ko 13 na ƙarya, sai ya yi awanni ya zauna.

Sadiq_Zariya:
Ni dai tawa a 11.8 na saita kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba, oga ka sa 11.8 kawai ka huta, in ka sa 12.4 kafin sha biyun dare ta yanke to me ka yi kenan, ɓarayin madubi ai ƙarfe uku suke zuwa 😂

Injiniya_Bash:
Malam Sadiq batirinka sabo ne ko? Bari ya shekara tukuna mu ji labari. Tashi a 11.8 ana tashi, musamman mu da ba mu da sanyi irin na Turai da yake daskarar da mai ya raunana batir, amma tashin ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Batirin mota an ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu uku ya juya kik sannan alternato ya mayar masa nan take, ba irin na sola ba ne da aka yi shi don a zuƙe a sake cikawa kullum. Duk sanda ya sauka ƙasa da rabi ya kwana a haka, wani farin gishiri ne yake kama farantan dalmar da ke ciki, in ya daɗe ya sandare caji ba ya narkar da shi, ƙarfin batir ya ragu kenan har abada. Ga zafinmu kuma da ma yana cin batir, shi ya sa a nan wanda ya yi shekara uku sai a ce ya yi ƙoƙari.

Abban Ilham mu yi lissafi. Kyamara mai gaba da baya tana cin wajen wat 4, wato kusan 0.3 na amp. Dare ɗaya awa 10 ta sha 3Ah, a batir 62Ah lafiyayye wannan ba komai ba ne, kashi biyar cikin ɗari. Amma daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin awa 60 ne, 18Ah kenan, ka ƙara da ɗan abin da ita motar kanta take ja tana kashe, kwamfutarta da agogo da rimot. Kuma batirin da ya kusa shekara biyu a Kano ba lallai 62 ɗin da ke rubuce a jikinsa yana nan ba, ƙila 40 ya rage. Sannan abin da mutane ba sa lura da shi, in tafiyarka daga gida zuwa kasuwa minti goma sha biyar ce a cikin gosulo da AC a kunne, abin da aka sha da dare bai gama komawa ba ka sake kashewa, kullum da bashi yake kwana, Litinin ce kawai take tona asiri.

Ni shawarata 12.2, in batirin ya tsufa 12.4. Kuma ka shiga saitin kyamarar ka cire ta daga ɗauka cikakkiya ka mayar da ita wadda take ɗaukar hoto ɗaya ko biyu a daƙiƙa, katin ma zai fi jimawa bai cika ba. In tana da wanda take barci sai an bugi mota ta farka to shi ne ya fi kowanne rashin cin wuta, illarsa dai ba za ka ga sanda mutumin ya tunkaro ba sai bayan ya buga.

Maman_Khalifa:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri na shigo muku, tawa da rana in na faka a makaranta sai in dawo in tarar ta kashe kanta jikinta zafi rau kamar dutsen guga, shi ma batirin ne?

Injiniya_Bash:
A'a Hajiya wannan zafi ne, da yawansu suna da abin da yake kashe su in sun yi zafi da yawa don kar su ƙone, kuma jikin gilashin gaba a watan Afrilu da garin ke haura 40 ciki ya fi haka nesa ba kusa ba. Ki duba kwalinta, in ƙaramin batirin litiyom ne a cikinta irin na waya ki dinga lura da ita don yana kumbura a rana, masu kafasita, wato wani abin ajiye wuta da ake sawa maimakon batir, su suka fi dacewa da ƙasarmu. Ki nemi inuwa ko ki ɗan sassauta gilas kaɗan in wajen da tsaro.

Abban_Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Usta na auna da mitar hannu yau da asuba 12.2 ta ba ni, kuma gaskiyarka ba fis. To wayar nan mai yankewa ni zan iya sawa ko sai na kawo? Na ga waya uku ne a jikinta.

Usta_Riwaya_Kofar_Ruwa:
Uku ne Alhaji, baƙar ta bodi ce a ɗaure ta a noti mai taɓa ƙarfe, ɗaya ta je fis ɗin da yake da wuta ko da mota na kashe, ɗayar ta je wanda sai an murɗa makulli yake kawowa, da ita kyamara take gane an faka. Kar ka bi kala, wani kamfanin ja ce ta batir wani kuma rawaya ce, ka karanta 'yar takardar da ke maƙale a jikin wayar. Akwatin fis na Corolla yana ƙasan sitiyari ta ɓangaren direba, a sa da abin nan mai ɗaukar fis biyu kar a nannaɗe waya a ƙafar fis, kuma kar a kusanci na iyabag da na birkin ABS. Kafin nan ka kai batirin a yi masa caji a hankali ya kwana, sannan a gwada, in ana kik ya faɗi ƙasa da 9.6 to ka fara tara kuɗin sabo. In kuma lallai sai ta ɗauka Asabar da Lahadi gaba ɗaya, akwai batir na musamman na dashkam da ake ajiyewa ƙarƙashin kujera yana caji in kana tafiya, sai dai kuɗinsa kan fi na kyamarar, kuma yawanci kwana ɗaya yake kaiwa da kyamara biyu.